Shinge, Katanga, Ganuwa: Tambayoyi da Amsoshi Kan Kalmomin Tare Hanya

Hausa tana da kalmomi masu yawa na hana wucewa, amma a rubutun yau guda biyu ne suke shan wahala su kaɗai: rufe da shinge. Kome aka sa a gaban mutum sai a ce shinge, kome aka yi wa hanya sai a ce an rufe ta. Alhali kowace kalma a cikin wannan dangi tana ɗauke da labarinta. Tana gaya maka da me aka yi abin, wane ne ake hanawa, na waje ko na ciki, kuma ko an bar kafar da za a bi. Tambayoyin da ke ƙasa su ne waɗanda ɗalibai da masu fassara da masu rubuta labarai suka fi yi.

Mene ne bambancin bango, katanga, garu da ganuwa?

Bango na ɗaki ne, shi ke ɗauke da rufi. Katanga ba ta ɗaukar rufi, aikinta ta kewaye gida ko makaranta ko fili, ta raba ciki da waje. Shi ya sa ɓarawo katanga yake haurawa, amma bango sai dai ya fasa shi. Garu gini ne mai kauri, galibi na ƙasa, kuma a bakin mutane da dama yana iya tsayawa a madadin bango ko katanga, gwargwadon karin harshen mai magana. Ganuwa ita ce babbarsu: tudun gini da ya kewaye gari sukutum don tsaro daga mahara, da ƙofofinta da masu tsaron ƙofofin. Ta cikinta akwai badala, wato dandamalin da mayaƙa ke tsayawa su leƙa waje.

Duba yadda salon magana ya kiyaye wannan bambanci. Ana cewa tura ta kai bango, domin mutumin da ke cikin ɗaki in ya ja da baya har ya taɓa bango, to ba sauran wurin zuwa. Ana cewa sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, ana nufin ɓarakar cikin gida. Sanya katanga a gurbin bango a waɗannan maganganu biyu, za ka ji kunnenka ya ƙi karɓa.

To shinge fa? Shi da danga da darni duk ɗaya ne?

Asalin shinge na gona ne da lambu. Da ƙaya ake yin sa, ko da reshen itace, ko kuma a dasa shuka irin su aguwa da bini-da-zugu su girma su haɗe. Abokin gabarsa dabba ce, don haka ba ruwansa da tare ido: kana iya hango duk abin da ke cikin lambun, shiga ce dai ba ka yi sai ka yarda ƙaya ta taɓa ka.

Danga da darni kusan abu ɗaya ne, wani yanki ya fi jin wannan, wani ya fi jin wancan. Da kara ake yin su, wani lokaci a jingina zana. Wanda ya taɓa tsayawa wurin masu yin danga ya san aikin ba jera kara kawai ba ne. Sai an tona ramuka an kafa itatuwa, an ja ɗan wuriri a ƙasa an tsayar da karan a ciki kafaɗa da kafaɗa, sannan a kawo tanka, wato karan da ake gittawa ciki da waje a ɗaure da igiya. Mutum ɗaya yana ciki, ɗaya yana waje, wannan ya turo igiya ta tsakanin kara, wancan ya karɓa ya ja har sai karan ya yi ƙara. Dangar da aka yi wa rowar tanka, iskar farkon damina ce ke kwantar da ita, ko akuya ta sa kai ta buɗa, gobe ta dawo da 'ya'yanta ta wannan kafar. Danga tana tare ido, tana tare dabba, amma kowa ya san ba za ta hana mai niyyar shiga da ƙarfi ba. Iyaka take nunawa, kuma mutunci ne ke tsaron ta.

Yau shinge ya faɗaɗa ya zama sunan kowane abu marar tubali da ke hana wucewa: shingen waya, shingen ƙarfe, shingen bincike na jami'an tsaro. Wannan faɗaɗawa ba laifi ba ce, harshe mai rai haka yake yi. Inda nake jin ciwo shi ne a kira ginin siminti mai tsayin mutum biyu shinge. Wannan katanga ce.

Waya mai ƙaya shinge ce?

Shinge ce tsantsa, har ma ita ce ta fi kusa da ma'anar farko. Joseph Glidden, manomi a jihar Illinois ta Amurka, shi ya sami takardar mallakar fasahar irin wadda ta fi yaɗuwa, a 1874. A filayen yammacin Amurka itace ya yi ƙaranci, shukar shinge kuma tana ɗaukar shekaru kafin ta haɗe, sai aka ƙera ƙaya da ƙarfe don a tare shanu. Daga gona ta tafi fagen daga a Yaƙin Duniya na Ɗaya, ta tafi sansanonin fursuna da kan iyakokin ƙasashe.

An tare hanya, an datse hanya, an toshe hanya: wanne ne daidai?

Duka ukun Hausa ne mai kyau, amma ba abu ɗaya suke faɗi ba, kuma a nan ne kuskure ya fi yi wa mutane illa.

Tarewa tana nufin wani ko wani abu ya sha gabanka. Hanyar tana nan lafiya lau, mai tarewa ne matsalar. 'Yan fashi suna tare hanya, jami'ai suna tare motoci, garken shanu ya tare titi, mai tsaron gida ya tare ƙwallo. In mai tarewa ya kauce, shi ke nan. Kuma tarewa tana iya zaɓe: a tare wannan, a bar wancan ya wuce.

Datsewa yanka ce. An gitta wani abu daga wannan gefe zuwa wancan, da gangan, an raba hanyar gida biyu. Akwai hannu da niyya a cikinta, kuma wanda ya datse yana da ikon buɗewa. Idan aka ce hukuma ta datse titin da ke zuwa wata ma'aikata, mai sauraro ya san akwai wanda za a roƙa ko a jira.

Toshewa kuwa cika ce. Wani abu ya shiga cikin kafar ya cike ta. Ana toshe ramin ɓera, ana toshe bakin kwalba, ana toshe kunne. Ita ce kaɗai a cikin ukun da take faruwa da kanta ba tare da kowa ya aikata ba: hanci ya toshe, magudana ta toshe, bututu ya toshe. Ba ka jin an ce magudana ta datse. Abin da ya toshe kuma ba ya buɗuwa da umarni, sai an yi aikin cire abin da ke ciki.

Ga misalin da duniya duka ta gani. Ranar 23 ga Maris, 2021, jirgin dakon kaya mai suna Ever Given, mai tsawon mita 400, ya karkace a mashigin Suwez na Masar, goshinsa ya caki gaɓa ɗaya, gindinsa ya jingina da ɗayar. Ba wanda ya yi niyya, ba kuma wanda zai ce masa kauce ya kauce. Sai da aka yi kwana 6 ana yashe yashi ana jan sa da ƙananan jirage kafin ya motsa ranar 29 ga wata. Kalmar da ta dace a nan ita ce toshe. Da Masar ce ta hana jirage wucewa da kanta, kamar yadda aka yi daga 1967 zuwa 1975, sai a ce ta rufe ko ta datse mashigin.

Ni kaina na taɓa ɗanɗana kuɗar wannan. Muna cikin tafiya da dare aka aiko wa direbanmu saƙo cewa an tare hanya a gaba. Nan take motar ta yi tsit, wata mata ta fara cusa kuɗinta a cikin zanin goyo, direba ya kashe fitila ya gangara gefen titi. Muka zauna sama da awa biyu cikin sauro, ba mai iya tari da ƙarfi. Ashe babbar mota ce ta faɗi ta toshe gada, ƙananan motoci ma suna ratsewa ta gefe. Mai saƙon bai yi nufin tsorata kowa ba, kalma ɗaya ya musanya. Tun daga ranar ba na ɗaukar wannan bambanci a matsayin ƙwalisar masana harshe.

Me ya sa ake cewa madatsar ruwa?

Domin datse kogi ake yi: a gitta gini daga gaɓa zuwa gaɓa, a bar ƙofofin da za a riƙa sakin ruwa gwargwadon bukata. Babbar madatsar Aswan da aka kammala a 1970 ta datse kogin Nilu, ruwan ya taru ya zama tafkin Nasir, amma kogin bai daina zuwa Alƙahira ba. Da toshe shi aka yi, da ambaliya ce za ta biyo baya. Dam ma ta zauna a bakin mutane, ba laifi a yi amfani da ita.

Rufe, kulle, garƙame, tokare: a wajen ƙofa yaya ake bambanta su?

Da farko a raba ƙofa da ƙyaure. Ƙofa ita ce kafar da aka bari a gini, ƙyaure shi ne murfinta. A maganar yau da kullum ana cewa rufe ƙofa, kowa ya gane, amma kafinta ƙyaure yake ƙerawa, magini ne ke fitar da ƙofa.

Rufewa ita ce matakin farko: an mayar da ƙyaure, kowa na iya turawa ya shiga. Kullewa sai da makulli ko kwaɗo. Sakata ta ciki ce, mai ɗaki ne ke zura ta, don haka wanda ya sa sakata kansa yake karewa, wanda kuma aka sa wa kwaɗo ta waje tsare shi aka yi. Garƙamewa kullewa ce mai nauyi, kana jin ƙarar ƙarfe a cikin kalmar kanta, ga sarƙa ga ƙaton kwaɗo, sau da yawa ga fushi ko hukunci. Shi ya sa ake cewa kotu ta sa an garƙame shago, an garƙame mutum a kurkuku. Uwa ba ta garƙame ɗakin da jariri ke barci, ja masa ƙyaure take yi.

Tokarewa ita ce dabarar wanda ba shi da makulli ko bai yarda da shi ba: ya jingina itace ko kujera ko wani abu mai nauyi a bayan ƙyaure. Liƙewa kuwa ita ce a shafe kafar gaba ɗaya, kamar tagar da aka cike da tubali aka yi mata yaɓe.

Rami ma yana cikin wannan dangi?

Ƙwarai kuwa. Gwalalo shi ne dogon ramin da ake haƙawa a kewaye gari ko sansani, kuma sau da yawa ƙasar da aka fitar daga cikinsa ita ake tarawa ta zama ganuwa, aiki ɗaya riba biyu. Mafi shahara a tarihin Musulunci shi ne wanda aka haƙa a Madina a shekara ta 5 bayan Hijira, bisa shawarar Salmanul Farisi, a ɓangaren da garin yake buɗe. Dawakan rundunar ƙawancen da ta kawo wa Madina hari suka iso suka tarar da abin da Larabawa ba su saba da shi a yaƙi ba. Shi ya sa ake kiran sa Yaƙin Gwalalo.

Ɗan'uwan gwalalo shi ne kafi, itatuwan da ake kafawa a jere a kewaye ƙauye ko sansani. Kalmar ta yi ƙasa a bakin mutane, amma tana nan da ranta a cikin rigakafi: ka riga hari yin kafi. Duk wanda ya kai yaro allurar rigakafi yana ambaton wannan shingen itace bai sani ba.

Abin da masu zanga-zanga ke tarawa a titi, me za a kira shi?

Shinge ya isa, amma aikatau ne ke fito da hoton. A ce sun gindaya gumagumai, sun jibge duwatsu, sun jera tayoyi sun cinna musu wuta, sun datse titi. Gindayawa ita ce a kwantar da dogon abu a gicciye, daga nan ne aka sami gindaya sharaɗi: ka sa wa mutum gungume a gaba, sai ya tsallake shi kafin ya iso gare ka.

Faransawa suna da kalma ta musamman ga wannan shinge na gaggawa, wato barricade, kuma daga sunan ganga a harshensu ta fito. A watan Mayu na 1588 mutanen Paris suka cika ganguna da ƙasa da duwatsu suka datse tituna a gaban sojojin Sarki Henri na Uku, har sarkin ya bar birnin. Daga Faransanci kalmar ta shiga harsunan Turai da dama. Mai fassara ba ya bukatar aro ta, ya faɗi abin da aka tara da yadda aka tara shi.

Killace, kewaye da yi wa ƙawanya fa?

Kewayewa siffa ce kawai, an zagaye abu. Killacewa tana da manufa: a ware abu a gefe don a kare shi, ko don a kare mutane daga gare shi. Ana killace fili, ana killace gandun daji, ana killace mai cuta mai yaɗuwa. A 2020 kalmar ta shiga kowane gida tare da dokar kulle, amma aikin tsoho ne. Tun 1377 birnin Ragusa, wanda yau ake kira Dubrovnik a ƙasar Kuroshiya, ya wajabta wa masu zuwa daga wuraren annoba su zauna a keɓe kwana 30 kafin su shiga gari, daga baya wa'adin ya zama kwana 40 a wasu tashoshin jiragen ruwa.

Ƙawanya zobe ne na mutane ko makamai. Masu ita suna waje suna fuskantar ciki, nufinsu kada kowa ya fita, kada abinci ya shiga. Haka sojojin Jamus suka yi wa birnin Leningrad na Rasha daga Satumba 1941 zuwa Janairu 1944, kwana 872. Kada a haɗa ta da takunkumi. Asalin takunkumi abin da ake ɗaura wa dabba a baki ne, yau kuma ya zama hani na doka da ciniki. Takunkumi a takarda yake, ƙawanya a ƙasa take.

Labule da shamaki suna hana shiga ne?

Labule, asabari da tufaniya ido suke tarewa, hannun yaro ma yana ɗaga su. Ƙarfinsu yana wurin wanda ya tsaya ya yi sallama. Shamaki shi ne duk abin da ya shiga tsakanin abu biyu ya raba su, na zahiri ko na ma'ana, shi ya sa aka fi jin sa a maganganu irin su babu shamaki tsakaninsu. Kangewa ita ce aikatau ɗin da ta dace da su: an kange wuri da labule, an kange yaro daga wuta.

Me ya sa ake cewa Ganuwar Sin amma Katangar Berlin?

Wannan tambaya tana burge ni, domin waɗanda suka fara zaɓen kalmomin sun yi daidai. Babbar Ganuwar Sin, wadda mafi yawan abin da ake gani a yau ginin daular Ming ne, tsakanin 1368 da 1644, an yi ta ne tana fuskantar arewa don tare mahara daga waje, da hasumiyoyinta da ƙofofinta da dakarunta. Wannan shi ne aikin ganuwa. Binciken da hukumomin Sin suka bayyana a 2012 ya ce tsawon dukkan sassanta ya kai kilomita 21,196.

Ta Berlin kuwa an fara ta ne ranar 13 ga Agusta, 1961, kuma a daren farko shingen waya mai ƙaya ne kawai, daga baya aka mai da shi kankare. Ta kewaye Berlin ta Yamma a tsawon kusan kilomita 155. Gwamnatin Jamus ta Gabas ta raɗa mata sunan ganuwar kariya daga 'yan fasist, wato tana son a yarda cewa maƙiyi na waje ake tarewa. Amma masu gadinta mutanen cikin gida suke harbi in sun yi yunƙurin tsallakawa, kuma aƙalla mutum 140 sun mutu a dalilinta kafin a buɗe ta ranar 9 ga Nuwamba, 1989. Ginin da bindigoginsa ke kallon masu gida ba ganuwa ba ne. Marubucin da ya kira ta ganuwa ya ɗauki bakin waɗanda suka gina ta, ko ya sani ko bai sani ba. Haka abin yake ga kowane gini na kan iyaka da ake jayayya a kansa yau: mai ginin zai so a ce shingen tsaro, wanda aka raba da gonarsa zai ce katanga. Kafin ka zaɓi kalma, duba tsayin abin, da me aka yi shi, kuma wa yake hanawa wucewa.

Shin abin da aka sa don tsaro yana iya zama shi ne haɗarin?

Yana iyawa, kuma an yi asarar rayuka masu yawa kafin a koyi wannan. Ranar 25 ga Maris, 1911, gobara ta tashi a masana'antar ɗinki ta Triangle a New York. An kulle ƙofar fita don kada ma'aikata su saci kaya ko su sulale, mutum 146 suka mutu, yawancinsu 'yan mata. A filin wasa na Hillsborough da ke Sheffield, ranar 15 ga Afrilu, 1989, shingen ƙarfen da aka sa don hana 'yan kallo shiga fili shi ne aka matse mutane a jikinsa, mutum 97 suka rasa rayukansu a sanadin haka. Bayan nan aka cire irin wannan shinge daga manyan filayen ƙwallon Ingila. Ƙarfen taga da ake sawa a gidaje don ɓarayi yana da wannan fuska biyu: in gobara ta tare ƙofa, shi ne zai hana mai gida fita, sai fa in an yi wa ɗaya daga cikin tagogin ƙarfe mai buɗuwa ta ciki, an kuma rataye makullinsa inda yaro ma zai kai hannu.

Wanda ya fi tsaya mini a rai shi ne na zauren Victoria a garin Sunderland na Ingila, ranar 16 ga Yuni, 1883. An tara yara kallon wasa, aka sanar cewa za a raba kyauta, suka kwararo daga bene. A ƙasan matakala akwai ƙyaure mai buɗuwa zuwa ciki, an sa masa sakata a ƙasa an bar kafar da yaro ɗaya ne kawai zai iya bi, don a riƙa duba su ɗaya bayan ɗaya. Na gaba suka faɗi, na baya ba su gani ba suna ta turowa. Yara 183 suka mutu. Daga wannan musiba ne aka fara wajabta wa wuraren taruwar jama'a ƙofofin fita masu buɗuwa zuwa waje, aka kuma ƙirƙiro dogon ƙarfen nan da ake gittawa a jikin ƙyaure daidai ƙugu. Ta waje ƙofar a kulle take, ta ciki kuwa ko jiki ne ya faɗa kan ƙarfen sai ta buɗe.